Markub daga hannun majemi: shagon da sunan Dabbaga ya biyo har Gadarif

Wata tara ke nan ina sa markub, wato takalmin fata na gargajiyar mazan Sudan, wanda na saya a wani ɗan shago da ke gefen babbar kasuwar Gadarif, a gabashin ƙasar. Tun da yake takalmin ya sha zafin bazara, ya kuma taka baƙar lakar garin nan ta damina, wadda duk wanda ya zauna a nan ya san yadda take riƙe ƙafa, ina ganin yanzu ina da bakin yin magana a kansa. Abubuwa uku na saya a shagon a lokuta daban-daban, wato markub da buzun salla da jakar littattafai. Biyu sun gamsar da ni ƙwarai, ɗaya kuma ya ba ni matsala, kuma zan faɗi kowanne yadda na same shi.

Shagon ba shi da allo a ƙofa, saboda haka da sunan mai shi ake kwatance. Dattijo ne Bahaushe, haifaffen Omdurman, wanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya taso shi da iyalinsa, suka fara sauka a Madani, sannan suka ƙaraso nan a ƙarshen wannan shekarar lokacin da faɗan ya iske su can. Mu Hausawa Baba Majemi muke ce masa. Larabawan kasuwa kuwa ba sa kiransa da komai sai ad-Dabbag, kuma ma'anar sunayen biyu ɗaya ce. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, har jikokinsa, yaran da ba su taɓa tsoma hannu a ruwan jima ba, na ji 'yan unguwa suna ce musu awlad ad-Dabbag, wato 'ya'yan majemi. Na daɗe ina ganin wannan suna a bangon littattafai, amma sai a nan na ga da idona yadda yake tashi daga kan mai sana'a ya koma kan zuriyarsa.

Asalin kalmar a fili yake. A Larabci dabaga na nufin ya jeme fata, kuma harshen yana da wani ma'auni da yake ɗora sunan mai sana'a a kansa, inda ake nauyaya harafin tsakiya a ja wasalin da ke biye da shi. Da wannan ma'auni aka sami Haddad ga maƙeri, da Najjar ga masassaƙi, da Khayyat ga maɗinki, da Jazzar ga mahauci, da Sabbag ga marini, da Dabbag ga majemi, kuma dukkansu a yau sunayen manyan gidaje ne daga Maroko har Iraƙi. Hausa ma tana da nata ma'aunin, domin da ma a gaba da i a ƙarshe muke fitar da majemi da maƙeri da marini da masaƙi. Akwai kuma wata hikima a namu da nake sha'awa: kalmar majema a rubuce ɗaya ce, amma tana nufin mutanen da ke yin aikin, tana kuma nufin wurin da ake yin sa, karin murya kaɗai ke raba su.

Idan suna irin wannan ya zauna a gida ɗaya na tsawon ƙarnuka, sai ya rabu da aikin da ya haife shi. Shehu Abdul'aziz ad-Dabbag na birnin Fas a Maroko, wanda ya rasu a shekara ta 1132 bayan Hijira, Sharifi ne kuma babban sufi, kuma da littafin al-Ibriz wanda almajirinsa Ahmad ɗan Mubarak ya tattara maganganunsa a ciki aka san shi, ba da kirgi ba. Mu mazauna gabashin Sudan muna da alaƙa da shi ta kusa, domin almajirinsa Abdulwahhab at-Tazi ya karantar da Sayyid Ahmad ɗan Idris, shi kuma Sayyid Ahmad ya karantar da Sayyid Muhammad Usman al-Mirgani, wanda ya kafa ɗariƙar Khatmiyya da cibiyarta take a Kassala, a gindin duwatsun Taka. A Hijaz an yi Muhammad Ɗahir ad-Dabbag, wanda ya shugabanci hukumar ilimi ta Saudiyya a zamanin Sarki Abdul'aziz, a Falasɗinu kuma an yi Mustafa Murad ad-Dabbag, masanin tarihin da ya rubuta labarin garuruwa da ƙauyukan ƙasarsa cikin mujalladai masu yawa. Duk waɗannan da ilimi aka san su.

Mai shagon nan kuwa har yanzu sunansa da hannunsa tafiyarsu ɗaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa na amince da kayansa. Ranar da na fara zuwa, na ɗauki wani markub na juya shi, na ce, "Baba, wannan da na kan teburan can da ake sayarwa rabin kuɗinsa, mene ne bambancinsu?" Bai yi mini dogon bayani ba. Ya jawo wasu guntayen fata biyu daga ƙarƙashin bencinsa, ya sa wuƙa ya yanka kowanne a karkace, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, dubi cikinsu." Ɗaya launinsa ƙasa-ƙasa ne tun daga sama har ƙasa, ɗayan kuwa, duk da kyawun fentin da ke bayansa, tsakiyarsa toka-toka ce mai ɗan shuɗi. Ya ce na farkon jimar garad ce, wato bagaruwa, na biyun kuma jimar sinadarin masana'anta ce, wadda ake gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan ya sa na sunsuna su. Na garad ɗin yana da wani ƙamshi kamar na ɓawon itace da aka jiƙa, ɗayan kuwa warin fenti kawai yake yi. Gani ya kori ji, kuma tun daga ranar ban sake sayen kayan fata ba sai na nemi a nuna mini bakin yankan.

Garad ba wani abu ba ne illa bagaruwar da muka sani, 'ya'yan itacen da mutanen Sudan ke kira sunut, wanda ke tsirowa a bakin kogi da fadamu, wanda kuma iyayenmu mata ke turara wa mai mura. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Ita ce ƙaraz ta Larabcin littafi, wadda ta zo a hadisin Nana Maimuna da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ruwa da ƙaraz suna tsarkake fatar tunkiyar da ta mutu. Akwai ma sahabin da ya sami laƙabinsa daga wannan haja, wato Sa'ad al-Ƙaraz, ladanin masallacin Ƙuba, wanda aka kira shi haka saboda cinikin ƙaraz da yake yi. Malaman tarihi sun kuma ruwaito cewa Nana Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu, kuma lokacin da Ƙuraishawa suka tura jakadu wurin Najjashi na Habasha, jemammiyar fata ce babbar tsarabarsu. Ina kawo waɗannan ne saboda na san akwai masu raina jima a cikinmu, suna kallon ta a matsayin aikin ƙazanta, alhali kuwa ga irin mutanen da suka riƙe ta.

Ba a cikin shagon ake jimar ba. Ana yin ta ne a wani fili da Baba ya kama haya a bayan gari, kuma da na nuna ina so, ya sa ɗansa ya kai ni. Ana jiƙa fatar awaki cikin ruwan toka har gashin ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare da kartaji, a wanke, a sake jiƙa ta da kashin tattabaru domin ta yi laushi, sannan a tura ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, ana juyawa ana sabunta ruwan har ya ratsa ta. Fatar akuya takan ɗauki kwanaki, kirgin sa kuwa, wanda da shi ake yin tafin takalmin, yakan ɗauki makonni. A ƙarshe ana shafe ta da man riɗi, abin da Gadarif ba ta rasa ba, a shanya a inuwa. Wurin yana da wari mai ƙarfi, babu amfanin a ɓoye wannan, kuma ban iya wuce rabin sa'a a ciki ba.

Markub ɗin da aka yi mini samansa fatar akuya ce, tafinsa kirgi, kuma ɗinkin hannu ne da basilla da zare mai kakin zuma. An sa na taka takarda aka zana ƙafafuna biyu, kowace da nata awon, abin da ya yi mini amfani domin ƙafata ta hagu ta ɗan fi ta dama faɗi. A makon farko ya matse ni a kan yatsu, har na koma da niyyar a sauya mini, sai Baba ya ce in ƙara masa kwana goma ina sawa da safe kafin ƙafa ta kumbura, idan bai sake ba ya ɗauki asarar. Kafin kwanakin su cika fatar ta bi siffar ƙafata, kuma har yau babu inda ɗinki ya warware. Abin da na fi yabawa shi ne ba ya tara gumi. Ina yini da shi tun daga sallar asuba har isha'i cikin zafin watan Afrilu, in cire shi ƙafata a bushe, abin da ban taɓa samu a takalmin roba ko na fatar masana'anta ba. Ƙirarsa sassauƙa ce, mai kama da wadda ake jingina wa garin Fashir na Darfur, ba ta da ado, kuma tana dacewa da farar jallabiya da rawani. Ba ya yin na fatar damisa ko ta mesa ko da an roƙe shi, kuma na ji daɗin hakan, domin damisa tana cikin dabbobin da dokar ƙasa da ƙasa ta hana cinikin fatarsu.

Sai dai jimar bagaruwa ba ta shiri da ruwa. Sau ɗaya ruwan sama ya kama ni a hanya, na dawo gida na ajiye takalmin a rana, washegari na same shi ya ƙage, da tabo a gefe ɗaya. Man riɗi ya dawo da laushin, amma tabon yana nan. Wanda zai saya ya sani cewa idan ya jiƙe, a inuwa ake shanya shi bayan an cusa masa tsumma, kuma kada a bar shi a kan ƙarfe mai tsatsa, domin ƙarfe yana baƙanta irin wannan fata. Da an gaya mini haka ranar da na karɓa, da ban yi wannan kuskure ba, kuma ina ganin wannan bayani hakkin mai saye ne a kan mai shago.

A zaman jiran da na yi a shagon ne na ji labarin unguwarsu. Ad-Dabbaga unguwa ce a tsohon garin Omdurman, a bakin kogin Nilu kusa da Abu Rof, kuma daga majeman da suka zauna a wurin ta sami sunanta. Baba ya ce kakansa ya baro ƙasar Hausa ne da niyyar aikin hajji ta ƙasa, kamar dubban kakanninmu, guzuri ya ƙare, ya tsaya neman na ƙarasawa da sana'ar da ya gada, daga nan zama ya kama shi. Zaman unguwar a bakin kogi ba haɗari ba ne, domin jima tana cin ruwa mai yawa, warinta kuma yana sa hukumomin gari su tura ta gefe. Shi ya sa kusan duk tsohon birnin Musulmi yana da wurin da ke ɗauke da wannan suna, kuma galibi a bakin ganuwa ko bakin rafi yake. A Marrakish akwai ƙofar Bab Dabbag a gabashin ganuwa, inda har yau ramukan jima suke aiki. A Fas akwai majemar Shuwara da masu yawon buɗe ido ke leƙawa daga saman benaye. A Ƙudus akwai Dabbaga a cikin tsohon birni, daf da babbar majami'ar da Kiristoci ke ziyarta. A Alƙahira majema sun daɗe a unguwar Madabig, kusa da tsohuwar katangar Majral Uyun, kafin gwamnati ta kwashe su zuwa Rubiki a wajen birni.

Da kalmar ta shiga harshen Turkawa sai ta koma tabak, kuma daga nan aka sami unguwannin Tabakhane a garuruwan Turkiyya, da gadar majema a Tirana ta Albaniya, da sunan gida Tabakovic a Bosniya. Amma wurin da labarinsa ya fi taɓa ni shi ne titin Dabbagin na birnin Tunis. Majema sun daɗe da barin sa, kuma abin da aka san shi da shi a yau shi ne masu sayar da tsofaffin littattafai. Ɗalibin da ya je can neman littafi yana ambaton majema a bakinsa ba tare da ya ga fata ko ɗaya ba, sai fa wadda aka yi wa wani tsohon kundi bango da ita. A ƙasarmu ta asali ma haka abin yake, domin Sakkwato tana da unguwannin Majema da Marina da Maƙera, Kano kuma tana da Dukawa da majemarta ta wajen Ƙofar Wambai. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka yi wa littattafansu bango da ita suna kiran ta fatar Maroko, da sunan ƙasar da ta bi ta iso musu.

Inda muka bambanta da Larabawa shi ne, mu sana'a takan ba unguwa suna, ta ba mutum laƙabi ko sarauta irin Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa, amma ba kasafai take zama sunan da ake gada ba. Bahaushe ya fi jingina kansa ga mahaifinsa ko garinsu, kamar yadda sunayen Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka nuna, kamar kuma yadda garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya ɗauki laƙabin Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, domin Bellon ne ya jagoranci jama'a zuwa nan Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. A Sudan kuma takardun hukuma suna huɗu suke nema, na mutum da na uba da na kaka da na uban kaka, saboda haka ad-Dabbag ɗin da ake kiran Baba da shi ba ya cikin kowace takarda tasa. A bakin mutane kawai yake rayuwa.

Buzun sallar shi ne abu na biyu da na saya, kuma a nan ne na ga amfanin saye a hannun wanda ya jeme da kansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta kuma ba a sayar da ita, duk da cewa wasu mazhabobin sun ɗauki jima a matsayin cikakken tsarki. Saboda haka tambayar asalin fatar ba ƙaramar tambaya ba ce. Da na yi ta, Baba ya gaya mini cewa daga mahauta biyu da ya sani yake karɓar fatun tumaki, sai kuma na layya da maƙwabta ke kawo masa, kuma ba ya sayen busasshiyar fatar da bai san wanda ya yanka ba. Buzun farin rago ne mai gashi cike, bayansa a goge yake sumul, ba ya zubar da gashi, kuma bayan mako biyu a inuwa ɗan warin da ya zo da shi ya tafi. Mahaifina na kai wa shi, kuma a kansa yake lazimi safe da yamma.

Jakar littattafan ce ban ji daɗinta ba. Ɗinkinta yana da ƙarfi, amma jan rinin da aka yi mata bai kama ba, kuma a fitar farko ya ɓata mini gefen farar jallabiya, tabon da wanki biyu bai fitar ba. Da na mayar da ita, Baba bai yi musu ba. Ya ce ba ya samun karan dafi a nan, da garin rini na kasuwa ɗansa ya yi ta, ya karɓa ya sake goge ta da mai da kakin zuma, bai karɓi ko sisi ba. Zubar ta ragu, amma ba ta daina gaba ɗaya ba idan hannu yana da gumi. Shawarata ga mai son jaka ita ce ya nemi wadda aka bari da launin bagaruwa ko baƙa, ya bar ja har sai an gyara wannan.

Sauran abin da zan yi ƙorafi a kai shi ne alkawari. Kwana goma aka ce mini markub ɗin zai ɗauka, sai da ya kai mako uku, kuma sau biyu ina zuwa ina komawa hannu rabbana. Na fahimci uzurinsu, domin mutum uku ne kawai ke aikin, shi da ɗansa da wani almajiri, kuma yawancin kayan aikinsa a Omdurman ya baro su, amma da sun faɗi mako uku tun farko da babu wanda zai ji haushi. Ba a ba da rasit, sai dai a rubuta sunanka da kafin alƙalamin da ka bayar a wani littafi, saboda haka yana da kyau ka tsaya ka ga an rubuta. Shagon ƙarami ne, benci ɗaya ne na baƙi, kuma babu takalman mata ko na yara ƙanana. Kuɗin markub ya kusan ninka na kan tebur, kuma babu ragi mai yawa, ana karɓa a hannu ko ta waya. Araha ba ta ado, kuma a cikin watannin nan tara maƙwabcina ya sauya na tebur sau biyu, nawa kuwa tafinsa ne kawai ya fara cinyewa ta dunduniya, wanda aka ce za a sauya mini shi ba tare da an taɓa saman ba.

Makon jiya na koma na ba da awon ƙafar ƙanena da ta babban ɗana domin Babbar Salla, kuma na yi hakan tun saura wata biyu, wanda shi ne lokacin da zan ba kowa shawara ya je idan yana son ya sa nasa ranar idi. Na tarar da babban jikan Baba, yaro ɗan shekara goma sha uku da makarantarsu ta daɗe a rufe, zaune a ƙasa yana goga wa zare kakin zuma, kakansa yana nuna masa yadda ake riƙe basilla. Shi aka sa ya zana ƙafar ɗana a kan takarda, Baba ya karɓa ya duba, ya gyara layin dunduniya da fensir, sannan ya rubuta sunanmu a littafin.